Tarihin Ray Manzarek: makaɗi ɗaya, aikin mutum biyu

Yau za mu ƙetara teku zuwa Amurka, mu kawo muku labarin wani makaɗi mai suna Ray Manzarek, wanda aka haifa a 1939 ya mutu a 2013. Mun san da yawa daga cikinku ba su taɓa jin sunansa ba, kuma kiɗan rok da ya yi ba shi ake sakawa a rumfunan kasuwa ba. To amma duk wanda ya taɓa haɗa jari da wani, ya sha daɗin abin ya kuma sha ɗacinsa, zai ga abin da ya sani a rayuwar mutumin nan. Shi da abokansa uku sun ƙulla alkawari tun suna samari ba su da komai. Alkawarin ya ɗaukaka su, kuma bayan fiye da shekara 35 shi ne ya kai su gaban alƙali.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Raymond Daniel Manczarek ranar 12 ga Fabrairu 1939 a kudancin birnin Shikago. Iyayensa asalinsu mutanen ƙasar Folan ne. Daga baya ne ya cire harafi ɗaya daga sunan gidansu, ya koma Manzarek. Tun yana yaro aka sa shi koyon piyano. A zamanin nan kudancin Shikago cike yake da baƙaƙen fatar Amurka da suka baro jihohin kudu neman aiki a masana'antu, suka zo da kiɗansu na bulus. Irin su Muddy Waters a nan suke wasa. Yaron ya riƙa jin su a rediyo, har ya koyi wani salon buga piyano nasu wanda hannun hagu yake maimaita kiɗa ɗaya mai kauri ba tsayawa, hannun dama kuma yana yawo da karin waƙa. Ku riƙe wannan, domin shi ne jarin da ya ci abinci da shi har ƙarshen ransa.

Ya yi karatun tattalin arziki a jami'ar DePaul da ke Shikago, ya gama a 1960. Daga nan ya nufi Los Anjalis a jihar Kalifoniya, ya fara karatun lauya a jami'ar UCLA, bai daɗe ba ya bari. Ya yi aikin soja, aka kai shi tsibirin Okinawa da ƙasar Tailan. Da ya dawo sai ya zauna a sashen koyon shirya fim na wannan jami'a, ya sami babban digiri a 1965. A can ya haɗu da mutum biyu da suka canja rayuwarsa. Ta farko ita ce Dorothy Fujikawa, wadda ya aura a Disamba 1967, suka zauna tare har mutuwa ta raba, suka haifi ɗa guda. Na biyu wani ɗalibi ne mai yawan karatun littattafai, ɗan wani babban hafsan sojan ruwa, sunansa Jim Morrison. Manzarek ya girme shi da kusan shekara 5.

Haɗuwa a bakin teku

Bayan an gama makaranta kowa ya kama gabansa. A watan Yuli 1965 Manzarek yana zaune a bakin teku a unguwar Venice, sai ga Morrison, ya rame, ba shi da wurin kwana sai rufin wani bene. Da suka gaisa, Morrison ya ce yana rubuta waƙoƙi. Manzarek ya matsa masa ya rera ɗaya. Yana ji ya gane akwai kaya a nan, kamar yadda dillalin da ya ƙware yake gane saniyar kirki tun tana nesa. Nan take suka shirya kafa ƙungiya. Manzarek da Dorothy suka ɗauke shi zuwa gidansu, ita tana fita aiki tana ciyar da gidan, su kuma suna gyaran waƙoƙi.

A lokacin Manzarek yana da wata ƴar ƙungiya da ƙannensa biyu, amma ƙannen ba su ga alamar riba a sabon salon ba, suka janye. A wani ajin koyon natsuwar zuciya irin na Indiyawa ya gamu da mai ganga John Densmore, a wannan aji kuma akwai mai jita Robby Krieger. Suka zama huɗu. Suka sa wa ƙungiyar suna The Doors, wato ƙofofi, sunan da suka samo daga kan wani littafi na marubucin Ingila Aldous Huxley.

Hannun hagu da hannun dama

Ga matsalar da suka tarar. Kowace ƙungiyar rok tana da mai jitar bas, wato jita mai igiya huɗu masu kauri, wadda take ba da sautin ƙasa. Ita ce take tafiya tare da ganga, sauran kayan kiɗa suna hawa a kanta. Ba kowa ne yake lura da ita ba, sai an cire ta ake jin kiɗan ya zama ba nauyi. Su Manzarek sun gwada masu bas, ba wanda ya dace da su.

Sai Manzarek ya ci karo da wani ƙaramin akwatin kiɗa na kamfanin Fender Rhodes mai maɓalli 32, wanda ba ya fitar da komai sai sautin bas. Ya ɗora shi a kan organ ɗinsa mai suna Vox Continental. Wanda ya taɓa jin kiɗan Mamman Sani a rediyo da talabijin na Nijar ya san irin muryar organ mai aiki da lantarki. Daga ranar nan hannun hagun Manzarek ya zama mai bas na ƙungiyar, hannun damansa ya zama mai organ. Abin da ya koya wurin makaɗan Shikago ya yi masa rana. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to shi hannunsa ɗaya ya ɗauki aikin mutum sukutum, shekara da shekaru, a kan dandamali. In za a ɗauki faifai a situdiyo sukan yi hayar mai jitar bas, kamar Doug Lubahn, ko Jerry Scheff wanda yake yi wa Elvis Presley kiɗa, a biya shi ladansa ya tafi. Amma a gaban jama'a su huɗu ne, kuma a wurin rabo ma kaso huɗu ne.

Akwai wani amfani da wannan tsari ya yi. Morrison mutum ne da ba a san inda zai nufa ba. Yana cikin waƙa sai ya tsaya, ya kama magana ko ya yi shiru. Da yake bas da organ duk suna hannun mutum ɗaya, Manzarek yakan sassauta ko ya ƙara sauri a take, ya bi mawaƙin duk inda ya karkata, ba sai ya jira wani ba.

Kasuwa ta buɗe

A farkon 1966 suka samu wurin wasa a wani ƙaramin gidan rawa mai suna London Fog, kuɗi kaɗan, ƴan kallo kaɗan. A watan Mayu suka koma Whisky a Go Go, gidan da ya fi suna a titin Sunset. A nan Jac Holzman, mai kamfanin faifai na Elektra, ya gan su, ya ba su kwangila a watan Agusta. A cikin wannan wata aka kore su daga gidan rawar saboda wasu kalmomin batsa da Morrison ya saka a waƙa. Suka shiga situdiyo, cikin kamar mako guda suka ɗauki faifansu na farko, ya fito a Janairu 1967.

A cikinsa akwai waƙar Light My Fire. Krieger ne ya tsara mafi yawanta, amma mabuɗinta, wani gajeren kiɗan organ mai jujjuyawa da ake gane waƙar da shi tun daga daƙiƙar farko, aikin Manzarek ne, kuma ya ɗauko salonsa daga Bach, tsohon makaɗin nan na Jamus da ya karanta yana yaro. Tsawon waƙar ya wuce minti 7, gidajen rediyo ba sa saka irin wannan, sai aka datse ta ta koma ƙasa da minti 3. A tsakiyar 1967 ta hau kan jerin waƙoƙin da aka fi saye a Amurka, ta yi mako 3 a sama. A 1968 wata waƙarsu ta sake hawa wannan matsayi. Daga 1967 zuwa 1971 sun fitar da manyan faya-fayai 6.

Alkawarin mutum huɗu

Yanzu mu zo kan alkawarin da muka ambata. A al'adar masu kiɗa a Amurka, wanda ya rubuta waƙa shi ke kwasar kaso mafi tsoka, sauran su samu abin da ya rage. Wannan ya raba ƙungiyoyi da yawa. Su ƴan Doors sun bi wata hanya. Suka amince duk abin da ya shigo a raba shi huɗu daidai, ko wa ya rubuta waƙar. A faya-fayansu uku na farko ma sunan ƙungiya aka sa a matsayin marubuci. Suka kuma amince ba za a yanke wata shawara ba sai duka huɗun sun yarda, kowane ɗaya yana da ikon hawa kujerar na-ƙi. Morrison ake danganta wa wannan shawara, alhali shi ne zai fi kowa samu da an bi al'ada.

A 1968 aka fara gwada ƙarfin alkawarin. Kamfanin motoci na Buick ya nemi ya yi tallar motar Opel da waƙar Light My Fire, ya taya dala 75,000. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa 5 ba. Morrison ba ya gari, aka neme shi ba a samu ba, sauran ukun suka sallama. Da ya dawo ya ji, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya yi barazanar zai farfasa motar da guduma a gaban jama'a in aka saka tallar. Cinikin ya warware. Daga nan kowa ya san matsayinsa, waƙoƙinsu ba na tallar kaya ba ne.

Ɗawainiya da abokin tafiya

Suna ya zo da nasa wahala. Morrison ya faɗa shan giya ba ji ba gani, kuma nauyin rufa masa asiri ya fi faɗawa kan Manzarek, wanda shi ne babba a cikinsu. A Disamba 1967 ƴan sanda suka kama Morrison a kan dandamali a garin New Haven. A Satumba 1968 a Amstadam ta ƙasar Holan ya faɗi kafin wasa, aka kai shi asibiti. Jama'a sun riga sun biya kuɗin shiga. Manzarek ya ja makirfo gabansa, ya rera waƙoƙin, hannu biyu suna bakin aikinsu. A daren nan aikin mutum uku ya yi.

Ranar 1 ga Maris 1969 a Miyami abin ya kai maƙura. Morrison ya hau dandamali a buge, aka zarge shi da rashin ɗa'a a bainar jama'a. Garuruwa suka soke wasannin da aka shirya, wasu gidajen rediyo suka daina saka su. Laifin mutum ɗaya ya ja wa huɗu hasara, domin wanda ya yarda a raba riba daidai ya yarda a raba faɗuwa daidai. A 1970 kotu ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara. Manzarek bai taɓa yarda cewa abokinsa ya aikata abin da aka ce ba, kuma yana da rai lokacin da jihar Fulorida ta yi wa Morrison afuwa a Disamba 2010.

Wasansu na ƙarshe su huɗu an yi shi a New Orleans ranar 12 ga Disamba 1970. Bayan sun gama ɗaukar faifai na shida, Morrison ya tafi Faris ya huta. A can ya mutu ranar 3 ga Yuli 1971, yana da shekara 27, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise.

Bayan Morrison

Ukun da suka rage sun yi ƙoƙarin ci gaba. Suka fitar da faifai a 1971 da wani a 1972, Manzarek da Krieger suna rera waƙa, amma kasuwa ba ta karɓa kamar da ba. A 1973 suka watse. Manzarek ya fitar da faya-fayai biyu na kansa a 1974, ya kafa wata ƙungiya mai suna Nite City da ba ta yi nisa ba. Sai ya juya ga raino. Ya ga wasu matasa ƴan Los Anjalis masu ƙungiya mai suna X, ya shirya musu faya-fayansu huɗu na farko, tun daga 1980. A 1983 ya yi aiki da makaɗi Philip Glass. Ya kuma shafe shekaru yana buga piyano a bayan mawaƙin baka Michael McClure.

Amma babban aikinsa shi ne tsaron sunan Doors. A 1979 aka saka waƙarsu a fim ɗin yaƙin Biyetnam mai suna Apocalypse Now, a 1980 wani littafin tarihin Morrison ya yi kasuwa, sai ga yaran da ba su san ƙungiyar ba suna sayen tsofaffin faya-fayanta. Manzarek bai gaji da hira da ƴan jarida ba, kullum yana kambama abokinsa. Da Oliver Stone ya yi fim a kansu a 1991, Manzarek ya fito ya soki fim ɗin, a ganinsa an nuna Morrison mashayi kawai, an ɓoye mai ilimi da barkwanci da ya sani. A 1993 aka shigar da ƙungiyar zauren girmama manyan makaɗan rok na Amurka. A 1998 ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa. An ƙiyasta Doors sun sayar da faifai sama da miliyan 100 a duniya, mafi yawa bayan ƙungiyar ta watse.

Gaban alƙali

Kason Morrison bai mutu tare da shi ba. Ya bar wa abokiyar zamansa Pamela Courson dukiyarsa, ita ma ta mutu a 1974, gadon ya koma hannun iyayenta, daga baya suka daidaita da iyayen Morrison aka riƙa rabawa. Haɗin jarin mutum huɗu ya ci gaba, magada suna riƙe da kujera ɗaya.

A farkon shekarun 2000 kamfanin motoci na Cadillac ya taya dala miliyan 15 don ya yi talla da waƙarsu Break On Through. Manzarek da Krieger suna so. Hujjarsu ita ce zamani ya canja, rediyo ba ta saka tsofaffin waƙoƙi kamar da, talla ce hanyar da matasa za su ji su. Densmore ya hau kujerar na-ƙi. Hujjarsa ita ce kowa ya ga abin da Morrison ya yi a kan tallar Opel, kuma mutuwarsa ba ta goge maganarsa ba. Kuɗin suka wuce.

A 2002 Manzarek da Krieger suka ɗauko mawaƙin Ingila Ian Astbury, suka fara yawon wasa da sunan Doors na ƙarni na 21. Densmore, wanda ciwon kunne ya dame shi a lokacin, ba ya ciki. A 2003 ya kai su ƙara a kan amfani da sunan ba da yardarsa ba, magadan Morrison da na Courson suka mara masa baya. Su kuma suka mayar da ƙara, suna neman dala miliyan 40 a kan cinikin da suka ce ya hana su. Mutanen da suka yi kwanan ɗaki ɗaya suna samari suka koma ba sa magana sai ta bakin lauya. A 2005 alƙali a Los Anjalis ya ba Densmore gaskiya, ya hana su amfani da sunan, ya ce a raba ribar yawon da sauran masu kaso. Suka ɗaukaka ƙara, a 2008 babbar kotun Kalifoniya ta ƙi sauraron maganar, shari'a ta ƙare a nan.

Mu dai a namu gani, kowane ɓangare yana da abin faɗa. Manzarek makaɗi ne, yana son ya hau dandamali ya buga kiɗan da ya ƙirƙira, da sunan da shi ya fara kafawa a bakin teku. Ba wanda ya kai shi wahala a kan sunan nan. Amma alkawari kaya ne. Sharaɗin da ya hana su rabuwa a kan kuɗi a 1967, lokacin da ƙungiyoyi da yawa suke tarwatsewa, shi ne ya ɗaure masa hannu a 2005, kuma ba a ce sharaɗi yana da kyau ranar da ya taimake ka kaɗai ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Hukuncin kotu bai sa ya ajiye kiɗa ba. Shi da Krieger suka ci gaba da yawo da sunayensu na yanka. A 2007 aka ba ƙungiyar Doors kyautar Grammy ta girmama aikin rayuwa. Manzarek ya koma zama a yankin Napa na arewacin Kalifoniya tare da Dorothy, yana fitar da faya-fayan bulus da mai jita Roy Rogers, wato ya koma kan kiɗan da ya fara ji a Shikago.

A 2013 likitoci suka gano yana da ciwon daji a hanyar maɗaciya. Aka kai shi wani asibiti a garin Rosenheim na ƙasar Jamus. Da Densmore ya ji labarin rashin lafiyar, ya neme shi, suka yi magana ta waya, suka rabu lafiya bayan shekarun gaba. Ray Manzarek ya mutu ranar 20 ga Mayu 2013, yana da shekara 74, matarsa da ƙannensa suna kusa da shi. Ranar 12 ga Fabrairu 2016, ranar da zai cika shekara 77, Densmore da Krieger suka hau dandamali ɗaya a Los Anjalis don tunawa da shi, aka ba da kuɗin da aka tara ga masu yaƙi da ciwon daji.

Masu karatu, musamman waɗanda suka haɗa kuɗi da ɗan'uwa ko aboki suna ɗauko kaya, ga abin da muka tsinta. Tun ana dariya ya kamata a zauna a faɗi yadda za a raba, da wanda yake da ikon cewa a'a, da abin da za a yi da sunan shago da kason wanda ya riga mu gidan gaskiya, a kuma sa shaidu. Su Manzarek sun yi nasu, shi ya sa da rigima ta tashi alƙali ya sami abin dubawa, magada kuma ba su rasa haƙƙinsu ba. Allah ya ba mu abokan ciniki na gari, ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.